Yadda Ake Jinyar Mai Ƙarambau da Mai Shingil a Gida, da Lokacin da Ya Wajaba a Garzaya Asibiti

A gidajen haya na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago a Legas, inda iyalai da yawa ke amfani da tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, ƙarambau kan shigo ne ta kan yaro guda, kafin mako uku kuma ya bi sauran ɗakuna. A aikin jinya na ga yara da manya masu yawa da wannan cuta, kuma mafi yawansu sun warke a gida lafiya lau. Waɗanda suka sha wuya, kusan kullum ɗaya daga abubuwa uku ne ya jawo: susa da ta kai ga gyambo, maganin da bai dace ba, ko jinkirin zuwa asibiti ga wanda bai kamata a yi jinyarsa a gida ba tun farko.

Ƙwayar cuta ɗaya ce, nau'in bairos, ke haddasa ƙarambau da shingil. Karon farko da ta shiga jiki tana kawo ƙarambau. Bayan an warke ba ta fita, sai ta laɓe a tushen jijiyoyi kusa da laka, ta yi shekaru ba motsi. Idan tsufa ya zo ko garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta farka ta bi jijiya ɗaya ta fito a fata, wannan shi ne shingil. Tun da bairos ce, maganin kashe bakteriya irin su amfisilin da ake saya a kemis ba ya taɓa ta.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar ma'aunin zafin jiki, da farasitamol, na ruwa ga yara da na ƙwaya ga manya, tare da ɗan kofin awo ko sirinjin awo da ke zuwa da kwalbar. Sai ruwan kalamin, wato maganin shafawa mai rage ƙaiƙayi, da auduga, da abin yanke farce, da sabulu marar ƙamshi mai yawa, da tawul mai laushi wanda mara lafiyar kaɗai zai riƙa amfani da shi, da riguna sakakku na auduga, da safa mai tsabta da za a sa wa ƙaramin yaro a hannu da dare. A ajiye fakitin ruwan gishiri da sukari, da takarda da biro don rubuta ranaku da lokutan magani. Ga mai shingil a ƙara bandeji mai laushi wanda ba ya manne wa ciwo.

Idan ba a samu ma'aunin zafi ba, a taɓa ƙirji ko bayan yaron da bayan hannu, ko da yake wannan kintace ne kawai. Idan babu fakitin gishiri da sukari, a zuba cokalin shayi shida na sukari, shafaffu, da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce.

Mataki na 1: A tabbatar ƙarambau ne

Alamomi kan bayyana kwana 10 zuwa 21 bayan cuɗanya da mai cutar, galibi wajen mako biyu. Yakan fara da zazzaɓi, kasala, ciwon kai da rashin cin abinci, musamman ga manya, sannan jajayen ɗigo su fito a ƙirji, baya da fuska. Cikin sa'o'i kaɗan ɗigon yakan tashi ya zama ɗan bororo mai ruwa garai, ya dushe, ya fashe, ya yi ɓawo. Babbar shaidar ita ce ƙurajen ba sa tafiya tare. A ɗaga rigar yaron da rana a duba bayansa: a wuri ɗaya za a ga sabon ja, da mai ruwa, da wanda ya riga ya bushe. Sukan shiga cikin gashin kai da baki da al'aura, kuma wanda bai yi rigakafi ba yakan fitar da tsakanin 250 da 500.

Cututtuka biyu ake rikita shi da su. Ƙyanda tana zuwa da tari, majina da jan ido, kuma ƙurajenta a shafe suke, ba su ɗaukar ruwa. Ƙyandar biri kuwa, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 daga Jihar Bayelsa, ƙurajenta sun fi girma da tauri, sun fi nutsewa cikin fata, sun fi zafi a kan ƙaiƙayi, suna girma tare, sukan fito a tafin hannu da tafin ƙafa da al'aura, kuma sukan zo da kaluluwa a wuya, hammata ko matsematsi. Wanda ya ga haka kada ya tsaya jinyar gida. Ya je asibitin gwamnati, domin ana ɗebe ruwan ƙurjin a gwada, kuma Asibitin Mainland da ke Yaba shi ne na cututtuka masu yaɗuwa a Jihar Legas. Haka nan, zazzaɓi mai zafi a Legas yana iya zama maleriya ce ta haɗu da ƙarambau, don haka gwajin jini na ɗan yatsa ba ɓarnar kuɗi ba ne.

Mataki na 2: A rubuta ranar, a duba ko mara lafiyar na cikin masu buƙatar likita yau

A rubuta rana da lokacin da aka ga ƙurji na farko. Amfanin wannan shi ne maganin da ke rage ƙarfin cutar, wato asaikulobiya, yana aiki ne sosai idan aka fara shi cikin sa'a 24 da fitowar ƙuraje. Yaro mai ƙoshin lafiya ɗan ƙasa da shekara 12 galibi ba ya buƙatarsa. Waɗanda za a kai wa likita a ranar, ba tare da jiran a ga yadda hali zai yi ba, su ne: duk wanda ya haura shekara 12, da mai juna biyu, da jariri, da mai ƙwayar cutar ƙanjamau, da mai shan maganin daji, da mai tsohon ciwon huhu ko na fata, da duk mai shan magungunan sitiroyid irin su firednisolon da dekzametason. A nan dole in ja hankalin 'yan mata da matan aure da ke shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe: da yawa daga cikinsu sitiroyid ne, suna danne garkuwar jiki, kuma wajibi ne a gaya wa likita gaskiya idan ana shan su. Kada kuma a yanke su rana ɗaya ba da shawararsa ba, domin hakan ma yana da nasa haɗarin.

A ƙasashe masu zafi irin namu mutane da yawa kan girma ba su taɓa yin ƙarambau ba, shi ya sa ake ganinsa a jikin magidanta da samari 'yan acaba da masu dako da ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya. A jikin babba ya fi tsanani, kuma ya fi saurin sauka a huhu, musamman ga mai shan taba.

Batun mai juna biyu ya fi kowanne buƙatar hanzari. Idan ba ta taɓa yin ƙarambau ba, ko ba ta da tabbas, kuma ta zauna da mai shi, ta je asibitin da take awo nan da nan, tun kafin ta ga komai a jikinta, domin akwai kariyar da likita kan iya bayarwa a kwanakin farko. Kamuwa a makonni 20 na farkon ciki kan iya taɓa halittar ɗan tayi, ko da yake hakan bai cika faruwa ba. Mafi haɗari ga jariri shi ne ƙuraje su fito wa uwa daga kwana biyar kafin haihuwa zuwa kwana biyu bayanta.

Mataki na 3: A keɓe mara lafiya gwargwadon iko

Cutar tana bin iska da tari da ruwan ƙuraje, kuma mutum yana yaɗa ta tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su fito har sai dukkansu sun yi ɓawo, wanda kan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai. A cikin gida ɗaya, kusan tara daga cikin mutum goma da ba su da kariya kan kamu. Saboda haka yaro ba zai je boko ko Islamiyya ba, babba ba zai je kasuwa ko jam'i a masallaci ba, kuma ba za a shiga motar haya da shi ba sai don zuwa asibiti.

Na san a ɗaki ɗaya da iyali bakwai ke kwana, maganar keɓewa tana da wuyar aikatawa. Abin da za a iya yi shi ne a ba shi shimfiɗarsa kusa da taga, a bar tagar a buɗe, wanda ya taɓa yin cutar ya zama shi ne mai jinya, sannan a sanar da maƙwabta, musamman ɗakin da ke da mai ciki ko mai jego. Ɓoye wa maƙwabta don jin kunya zalunci ne a kansu. Ɗabi'ar nan kuma ta haɗa yara da gangan don "su yi su huta" ba ta da kyau, domin babu wanda ya san yaron da cutar za ta yi wa mugun kamu.

Mataki na 4: A sauke zazzaɓi da farasitamol kaɗai

Ana auna wa yaro farasitamol ne da nauyinsa, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, bayan kowace sa'a shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Misali, yaro mai kilo 12 zai sha tsakanin mililita 5 da 7.5 na ruwan maganin da aka rubuta wa miligiram 120 a mililita 5. Babba zai sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce ƙwaya takwas a sa'a 24. A duba kwalin maganin mura ko na tari kafin a haɗa, domin da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki.

Kada a ba yaro ko matashi asfirin ko kaɗan. Haɗuwarsa da ƙarambau na iya jawo wata larura mai kumbura hanta da ƙwaƙwalwa, wadda kan yi kisa. Asfirin ba a ƙwaya kaɗai yake zuwa ba. Garin Alabukun da ake sayarwa a kusan kowane teburin mai kayan masarufi a Legas asfirin ne da kafeyin. Ibufurofen da dikulofenak ma a guje su a kwanakin ƙarambau, domin an danganta irinsu da munanan cututtukan fata masu cin nama, sai fa idan likita ne ya rubuta da saninsa.

Mataki na 5: A kula da fata, a hana susa

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ake yawan kuskure. Zafi da gumin Legas suna ƙara ƙaiƙayi, farce kuma shi ke kai bakteriya cikin ƙurji. Da farko a yanke faratan mara lafiya, a wanke ƙarƙashinsu, a riƙa wanke masa hannu sau da yawa. Ƙaramin yaro a sa masa safa a hannu idan zai yi barci, domin mafi munin susa cikin barci ake yin ta. Babban yaro a koya masa ya riƙa danna wurin da tafin hannu maimakon ya karce.

Akwai masu cewa mai ƙarambau ba ya wanka sai ƙuraje sun bushe. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yana cutarwa. A yi masa wanka sau biyu a rana da ruwa mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan, da hannu kawai, ba soso, a zuba ruwan a hankali, sannan a tsane jikin ta hanyar ɗora tawul ana ɗagawa, ba gogawa ba. Masu son wanka da ruwan ganyen darbejiya, ban ga laifinsa ba idan an tafasa, an tace, an bar shi ya huce, amma kada a goga ganyen a kan ƙuraje, kada kuma a ɗura wa yaro ruwansa. Ga mai alwala, ya zuba ruwa a hankali ba cuɗawa. Idan ciwon ya yi yawa a gaɓoɓin alwala, addini ya ba da sauƙin taimama.

Bayan wanka a girgiza kwalbar kalamin, a jiƙa auduga, a ɗiga a kan kowane ƙurji, a bar shi ya bushe kafin a sa riga. Kada ya kusanci ido, baki ko cikin al'aura. Idan babu kalamin, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora minti goma zuwa sha biyar, yana kwantar da ƙaiƙayi ƙwarai. Idan ƙaiƙayin ya hana barci, mai harhaɗa magani zai iya ba da Piriton ga wanda ya wuce shekara ɗaya, bisa awon shekarunsa.

Abubuwan da ba za su taɓa fatar ba sun haɗa da toka, farar ƙasa, man goge baki, kananzir, man zafi, da garin kafso da ake fasawa a barbaɗa. Haka nan mayukan bilicin da mayukan ƙuraje masu haɗin magani uku, domin sitiroyid ɗin da ke cikinsu yana ba cutar ƙarfi. Kada a fasa bororo da allura, kada a ɓamɓare ɓawo. Wanda ya faɗi da kansa ba kasafai yake barin rami ba. Duhun tabon da ke saura a baƙar fata yakan ɗauki watanni kafin ya baje, kuma ba ya buƙatar man bilicin.

Mataki na 6: Ruwa da abinci

Ƙurajen baki kan hana yaro ci da sha. A ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da koko ko kunu da ya huce, da yogot, da ayaba, a ɗage yaji da tsami da abu mai gishiri da yawa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono.

Mataki na 7: A riƙa duba alamomin haɗari safe da yamma

Matsalar da ta fi yawa ga yara ita ce bakteriya ta shiga ƙurji. A duba ko wani ƙurji ya fi sauran girma, kewayensa ya kumbura, ya yi zafi a taɓawa, yana fitar da mugunya, ko yaron yana kuka idan an taɓa wata gaɓa fiye da yadda ciwon da ake gani ya cancanta. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a dogara da kumburi da ɗumi da sheƙin fatar. Dabara mai amfani ita ce a zagaye kumburin da biro. Idan bayan 'yan sa'o'i ya tsallake layin, a tafi asibiti.

Sauran alamomin da ba a kwana da su a gida su ne zazzaɓin da ya wuce kwana huɗu, ko wanda ya sauka ya sake dawowa, ko ya kai digiri 39. Numfashi da sauri, ciwon ƙirji ko tari da jini. Sanƙarewar wuya, matsanancin ciwon kai, jijjiga, ruɗewa ko barcin da ake tashinsa da ƙyar. Tangaɗi wajen tafiya. Amai ba ƙaƙƙautawa. Ƙurajen da suka cika da jini. Da yaron da ya yi sa'a takwas bai yi fitsari ba. Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da Asibitin Yara na Massey a tsibirin Legas, da Babban Asibitin Orile-Agege duk suna karɓar irin wannan. Da isa a gaya wa ma'aikacin farko cewa ana zargin ƙarambau ne, don kada a zaunar da mara lafiyar a layi ɗaya da masu ciki da jarirai.

Mataki na 8: A gane shingil da wuri

Shingil yakan fara da zafi ne kafin ƙuraje. Dattijo zai ce gefen haƙarƙarinsa na yi masa raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, ko riga ma ba ya son ta taɓa wurin, alhali ba a ganin komai. Bayan kwana biyu ko uku sai gungun bororo su fito a jere, daga baya su kewayo zuwa ƙirji ko ciki, a gefe ɗaya kawai, su tsaya a tsakiyar jiki ba su ƙetara ba. Wannan tsayawa a gefe ɗaya ita ce shaidarsa. Mutane kan ce fitsarin gizo-gizo ne ko sammu, su ɓata kwanaki wajen shafe-shafe. Akwai kuma ɗan ƙwaron nan mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila, wanda idan aka murje shi a fata yakan bar ƙuna mai bororo. Bambancin shi ne nasa yana fitowa kwatsam a inda aka murje shi, ba tare da kwanakin raɗaɗi sun gabata ba.

Kimanin mutum ɗaya cikin uku zai yi shingil a rayuwarsa, kuma ya fi yawa daga shekara 50 zuwa sama. Idan ya fito wa matashi, ko ya kama wuri fiye da ɗaya, ko ya maimaita, ina ba da shawarar gwajin ƙanjamau da na suga ba tare da jin nauyi ba, domin wani lokaci shi ne alamar farko da jiki ke bayarwa.

Mataki na 9: Jinyar mai shingil

A kai shi ga likita cikin sa'a 72 da fitowar ƙuraje. Abin da aka saba rubutawa babba shi ne asaikulobiya miligiram 800 sau biyar a rana har kwana bakwai, ko balasaikulobiya giram ɗaya sau uku a rana, wanda ya fi sauƙin bi amma ya fi tsada. Likita ne zai yanke awon, domin mai ciwon ƙoda ana rage masa, kuma dole a sha ruwa sosai tare da shi. Man asaikulobiya na shafawa ba ya maye gurbin ƙwayar. Idan abin ya faɗo cikin azumi, mara lafiya yana da uzurin ajiyewa ya rama, don kada a tsallake lokutan magani. Ko an wuce kwana uku, a je dai, musamman idan sababbin ƙuraje na ci gaba da fitowa.

Idan ƙurajen suna goshi, fatar ido ko kan hanci, a nemi likitan ido a ranar, domin cutar na iya lalata gani. Idan suna cikin kunne, tare da karkacewar baki, jiri ko raguwar ji, shi ma na gaggawa ne.

A gida a wanke wurin a hankali, a ɗora tsumma mai sanyi, a rufe da bandeji marar mannewa ko riga sakakka. Mai shingil ba ya ba wani shingil, amma ruwan ƙurajensa yana sa ƙarambau ga wanda bai taɓa yin ƙarambau ba, saboda haka kaka mai wannan ciwo kada ta goya jika ko ta ɗauki jariri sai wurin ya bushe, wanda kan ɗauki kwana bakwai zuwa goma. Fatar takan warke cikin mako biyu zuwa huɗu.

Wahalar da ta fi damun tsofaffi ita ce raɗaɗin da ke saura bayan fata ta warke, wani lokaci watanni. Jijiyar ce ta ji rauni, kuma farasitamol bai cika isarta ba. Akwai magungunan ciwon jijiya irin su amitiriftilin da gabafentin waɗanda likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa, domin suna sa jiri da barci, tsoho kuma na iya faɗuwa. Kada a saya wa dattijo tiramadol a bakin titi, kada kuma a ce masa raki yake yi. Ciwon gaskiya ne, yana hana barci da cin abinci.

Mataki na 10: Rigakafi ga sauran mutanen gida

Allurar rigakafin ƙarambau ta samo asali ne daga Japan, inda Michiaki Takahashi ya samar da ita a 1974, Amurka kuma ta fara amfani da ita a 1995. Sau biyu ake yi, kuma tana kare fiye da mutum 90 cikin 100. Ba ta cikin jerin alluran da gwamnatin Najeriya ke yi wa yara kyauta a cibiyoyin lafiya na matakin farko, sai dai a tambaya a asibitoci masu zaman kansu, a kuma tabbatar an ajiye ta cikin sanyi. Ana fara yi wa yaro daga wata 12, wanda ya kai shekara 13 kuma ana barin aƙalla mako huɗu tsakanin ta farko da ta biyu. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai raunin garkuwa sosai, kuma mace ta jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata ɗaya bayan ta karɓa. Amaryar da ba ta taɓa yin ƙarambau ba, wannan kuɗi ne da ya cancanci a kashe mata kafin ciki na fari.

Na shingil kuwa akwai Shingrix, wadda aka amince da ita a Amurka a 2017 don 'yan shekara 50 zuwa sama, allura biyu da tazarar wata biyu zuwa shida, kuma har wanda ya taɓa yin ciwon yana iya karɓa bayan ya warke. Idan ƙarambau ya riga ya shiga gida, allurarsa tana iya hana kamuwa ko ta rage tsananin cutar idan aka yi wa sauran cikin kwana uku zuwa biyar da cuɗanya. Wanda bai samu ba, a ƙirga masa kwana 21 daga ranar ƙarshe da ya zauna da mara lafiyar, ana duba bayansa da cikin gashin kansa kowace safiya, kuma a nisanta shi daga masu ciki da jarirai tun daga kwana na takwas.